Gyaran furucin Ingilishi ta intanet: abin da ke ɗaure wa masu jin Sifaniyanci harshe

A biranen Bogota, Meksiko, San Salbado da Madrid akwai ɗimbin mutanen da suka share shekaru suna karatun Ingilishi a lakwal. Suna karanta shi, suna rubuta takardar neman aiki da shi ba tare da wani babban kuskure ba, amma da zarar sun buɗe baki sai mai sauraro ya ce su maimaita. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da mutum ya sani a takarda da abin da bakinsa ke iya fitarwa ya haifar da wata sana'a da ta bunƙasa a intanet: malaman da ba ruwansu da nahawu ko haddar kalmomi, aikinsu gyaran furuci kawai, ta hanyar kiran bidiyo, galibi malami ɗaya ɗalibi ɗaya.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a baki, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, ciki har da Gini Ikwatoriya a nan Afirka. A Amurka kaɗai, sama da mutum miliyan 40 da shi suke magana cikin gidajensu. Ga yawancin masu biyan kuɗin irin wannan darasi, maganar neman abinci ce. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna kai aikin amsa wayar abokan cinikinsu zuwa Meksiko, Kolombiya, Gwatemala, El Salbado da Kosta Rika, inda albashi ya fi sauƙi kuma agogo bai yi nisa da nasu ba. A waɗannan cibiyoyi mai amsa waya da Ingilishi ya fi mai amsawa da Sifaniyanci zalla samun albashi, kuma gwajin ɗaukar aikin da baki ake yin sa. Haka abin yake ga mai tsara manhajar kwamfuta da ke zaune a Buwenos Aires yana yi wa kamfanin waje aiki, ko ma'aikaciyar jinyar da ta ƙaura zuwa Teksas. In ta ce “thirteen” aka ji “thirty”, sha uku ta koma talatin ke nan, kuma a asibiti wannan ba abin wasa ba ne.

Kunne ne ke fara ruɗewa

Sifaniyanci wasula biyar gare shi: a, e, i, o, u, kuma kowane yana fita sarai a duk inda ya faɗo cikin kalma. Ingilishin da ake koyarwa na Ingila kuwa yana da wajen ashirin in an haɗa da tagwayen wasula, na Amurka ya ɗan kasa haka. Saboda haka mai jin Sifaniyanci yakan tattara sautuka uku ya zuba su cikin “a” ɗinsa guda: “hat”, wato hula, da “hut”, bukka, da “heart”, zuciya, duk su fito iri ɗaya. Haka “ship” da “sheep”, jirgin ruwa da tunkiya, ko “live” da “leave”, zama da tafiya. Mutumin da ya so ya ce yana son zama a wani gari yana iya shaida wa mai sauraro cewa barin garin yake son yi.

Masanin harshe James Flege, wanda ya yi shekaru yana nazarin yadda baƙi ke koyon Ingilishi a Amurka, ya nuna wani abu da malamai ke gani kullum: sautin da ba shi da makamanci ko kaɗan a harshen mutum ya fi sauƙin koyo a kan wanda ya yi kama da wani sautin da ya riga ya sani. Dalili shi ne kunne yakan ɗauki sabon sautin ya ce ai na san wannan, ya ajiye shi wuri ɗaya da tsohon. Wanda bai ji bambanci ba kuwa, ba yadda za a yi ya furta shi da gangan. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa ba ya farawa da “maimaita bayana”. Yana farawa da gwada kunnen ɗalibi.

A nan Bahaushe yana da wata dama da mai jin Sifaniyanci ba shi da ita. Hausa tana rarrabe dogon wasali da gajere: garin da ake zama cikinsa daban, garin da ake tuwo da shi daban, ko da yake rubutu bai nuna ba. Sifaniyanci ba ya yin haka. To amma ko wannan damar tana da iyaka, domin bambancin “ship” da “sheep” bai tsaya ga tsawo ba. A na farko harshe yana ɗan sauka, baki ya saki jiki. A na biyu harshe yana ɗagawa gaba, leɓɓa su ja gefe. Malamai da yawa suna saukaka wa kansu su ce “wannan gajere, wannan dogo”, sai ɗalibi ya riƙa jan “i” ɗinsa na Sifaniyanci yana yanke shi, kuma har yanzu ba a gane shi. Tsawon wasali a Ingilishi yana canzawa gwargwadon baƙin da ya biyo baya: wasalin “leaf” ya fi na “leave” gajarta, alhali wasali ɗaya ne.

Ta ɓangaren baƙaƙe, wanda aka fi sani shi ne b da v. A rubutun Sifaniyanci akwai su duka biyu, amma a baki sauti ɗaya ne, don haka “very” da “berry” suke haɗewa. Mai karatu ba zai yi mamaki ba, tunda da irin wannan hanya Hausa ta samu biza da bidiyo. Gyaransa bai da wuya a gani: haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Sai kuma kalmomin da suka fara da s tare da wani baƙi. Sifaniyanci bai yarda da wannan ba, kullum sai ya sa “e” a gaba, kamar a “escuela”, makaranta, ko sunan ƙasar kanta, “España”. Shi ya sa ake jin “eschool”, “espeak”, “estop”. Kowane harshe da irin dabararsa. Hausa tsakiya take cusa wasalin, shi ya ba da burodi da furusuna.

Ƙarshen kalma ya fi duka haɗari. Kalmomin Sifaniyanci da wasali suke ƙarewa, ko da ƴan baƙaƙe kaɗan irin su n, s, r, l da d, ɗaya ɗaya. Ingilishi kuwa yana iya jera baƙaƙe uku ko huɗu a wutsiyar kalma, kamar “asked” da “texts”. Ɗalibi yakan yar da na ƙarshe, kuma abin takaicin a nan ne Ingilishi ke ajiye nahawunsa. In aka yar da wutsiyar “worked”, aikin da aka riga aka gama ya koma wanda ake cikin yi. In t ta ɓace daga “can't”, “ba zan iya ba” ta koma “zan iya”. Mai sauraro zai ɗauka nahawu ne mutumin bai sani ba, alhali a takarda daidai yake rubutawa.

Akwai sauran ƙananan tarkuna: z da Sifaniyanci ba ya rarrabe ta da s, har “eyes” da “ice” su zama ɗaya, da “wash” da “watch”, da “yet” da “jet”, da h da ake fitarwa da gurzar maƙogwaro.

Abin da ɗalibi ya riga ya mallaka

Malamin da ya san Sifaniyanci yana da wata riba, domin wasu sautukan da ake ce wa masu wuya suna nan cikin bakin ɗalibi bai sani ba. Baƙin d da ke tsakiyar kalmar “nada”, ba komai, da laushi ake furta shi, harshe kusa da haƙora, kusan daidai da th na “father”. Baƙin r mai bugu ɗaya na “pero”, amma, shi ne kusan abin da Ba'amurke ke yi da t a tsakiyar “water” da “better”. Cikin minti kaɗan ɗalibin da aka nuna wa haka yakan fitar da abin da ya yi shekaru yana fama da shi. Ga p, t da k na farkon kalma, waɗanda Ingilishi ke furzo su da iska, tsohuwar dabarar ita ce ɗalibi ya riƙe ƴar takarda gaban baki. In ya ce “pin” takardar ba ta motsa ba, akwai yiwuwar “bin” aka ji.

Kuma ba duk masu jin Sifaniyanci ne iri ɗaya ba, kamar yadda Hausar Tawa ba ta Damagaram ba ce. Mutumin Madrid yana da th na “think” tun daga gida, domin da shi yake furta c ta “cinco”, biyar, amma ɗan Meksiko ko Kolombiya ba shi da shi. Mutanen Buwenos Aires da Montebidiyo suna da sh, saboda haka suke furta ll da y. Mutanen tsibiran Karibiyan da na kudancin Sifaniya sukan haɗiye s ta ƙarshen gaɓa a harshensu, sai su kai al'adar cikin Ingilishi, jam'i ya ɓace. Malamin da bai fara tambayar ɗalibi daga ina yake ba zai ɓata masa lokaci da kuɗi kan abin da ba shi ne matsalarsa ba.

Ko da an gyara kowane sauti, akwai sauran rawar harshen. Sifaniyanci yana ba kowace gaɓa haƙƙinta, kusan da tsawo ɗaya. Ingilishi yana zaɓar wasu gaɓoɓi ya ɗora musu nauyi, ya murƙushe sauran har wasalinsu ya koma wani ɗan sauti maras siffa, wanda shi ne wasalin da ya fi kowane yawan fitowa a harshen. Kalmar “chocolate” rubutu ɗaya ne a harsunan biyu, amma gaɓa huɗu ce a Sifaniyanci, biyu a bakin yawancin masu Ingilishi. “Hospital” nauyinta a ƙarshe yake a Sifaniyanci, a farko a Ingilishi. Irin waɗannan kalmomi na tarayya, waɗanda ke sauƙaƙa wa ɗalibi karatu, su ne ke yaudararsa wajen magana. Wannan ma shi ne sirrin kukan da ɗalibai ke yi cewa Turawa suna cinye kalmomi: suna jiran su ji kowane wasali sarai, shi kuwa harshen ba haka aka gina shi ba.

Rubutu ya ƙara dagula lamarin. Wanda ya iya karatun Sifaniyanci zai iya furta kusan kowace kalma da ya gani, don haka ya saba da amincewa da idonsa. Rubutun Ingilishi ya fara daskarewa bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, a daidai lokacin da dogayen wasulan harshen ke sauya wuri. Baki ya ci gaba, rubutu ya tsaya. Ga “though”, “through”, “tough” da “cough”: harufa huɗu iri ɗaya a ƙarshe, furuci huɗu daban. A Sifaniya akwai wani ƙarin dalili na tarihi. A 1941 gwamnatin Janar Franco ta wajabta a juya muryoyin finafinan waje zuwa Sifaniyanci, kuma al'adar ta zauna har bayan dokar ta kau. Maƙwabciyarta Fotugal rubutun fassara take sawa a ƙasan allo, yaranta su tashi suna jin Ingilishi a talabijin.

Abin da kamara ta kawo, da abin da ta ɓata

Furuci na cikin ƴan darussan da intanet ta kyautata. A aji mai ɗalibai arba'in, na baya ba ya ganin bakin malami. A kiran bidiyo malami yana matso da bakinsa gaban kamara, ɗalibi yana ganin nasa bakin a gefe kamar madubi, ya kwatanta. Ana iya naɗar darasi a sake saurare. Tsakanin darasi da darasi, ɗalibi yana aika saƙon murya ta WhatsApp, wadda ta zama ruwan dare a Sifaniya da Latin Amurka, malami ya saurara ya mayar da gyara. Minti goma kullum na irin wannan ya fi awa biyu sau ɗaya a mako amfani, domin furuci sabon jiki ne, kamar tuƙin babur. Akwai kuma maganar kunya. Babban mutum mai iyali ba ya son ya riƙa murguɗa baki gaban jama'a, amma shi kaɗai a ɗakinsa zai yi.

Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ma da na'ura ta fi dacewa. A 1991 masu bincike uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Logan, Lively da Pisoni, sun horar da Japanawa kan rarrabe r da l. Sun sa su sauraren kalmomi masu kama da juna daga bakin mutane daban-daban, su zaɓi wadda suka ji, nan take a gaya musu ko sun dace. Kunnen da aka horar da muryoyi da yawa yana gane sautin har a bakin wanda bai taɓa ji ba. Daga baya an gwada hanyar a kan masu jin Sifaniyanci da wasulan Ingilishi. Darasin da ke ciki ga malami shi ne muryarsa ita kaɗai ba ta isa, sai ya kawo ta maza da ta mata, ta Ingila da ta Amurka da ta wasu wurare.

Sai dai na'urar tana da nata aibi. Layin tarho na gargajiya yana ɗaukar sauti ne tsakanin hertz 300 zuwa 3400, alhali yawancin ƙarfin s yana sama da haka, shi ya sa s da f ke rikicewa a waya. Manhajojin kiran bidiyo sun fi haka kyau, amma idan layi ya yi rauni sukan matse murya, kuma tsarinsu na rage hayaniya yana iya ɗaukar hucin s, f ko th a matsayin ƙarar iska ya share shi. Malami na iya gyara kuskuren da ɗalibi bai yi ba, ko ya wuce wanda ya yi. Shi ya sa gogaggu ke neman ɗalibi ya sa abin saurare mai makirfo, ya kashe tsarin rage hayaniya, kuma su fi dogara da muryar da aka naɗa aka aiko.

Manhajojin da ke sauraren mutum su ba shi maki, irin su ELSA Speak, suna da arha kuma ba sa gajiya. Amma maki ba bayani ba ne. Manhaja na iya cewa sauti bai yi ba, ba lalle ta gano cewa ɗalibin ba ya ma jin bambancin ba.

Wa ke koyarwa, kuma me ake sayarwa?

Yawancin darussan suna bi ta kamfanonin da ke haɗa malami da ɗalibi su cire kasonsu: italki da aka kafa a 2007, Preply da wasu ƴan Yukren suka kafa a 2012, Cambly ta Amurka, da Open English wadda ta taso daga Karakas ta Benezuwela musamman don kasuwar Latin Amurka. Annobar korona ta 2020 ta tura miliyoyin mutane karatu ta bidiyo. A watan Yulin 2021 kuma ƙasar Sin ta taƙaita darussan kuɗi na bayan lakwal, ta hana malaman da ke zaune a waje koyar da yaranta darussan makaranta ta intanet, sai malamai da yawa da suka rasa wannan kasuwa suka juya neman ɗalibai a wasu wurare. Kuɗin awa guda yana kamawa daga ƴan dalolin Amurka kaɗan zuwa gommai, kuma sau da yawa fasfo da karin harshen malami ke yanke farashi fiye da iliminsa. Wannan kuskure ne da ɗalibi ke biya da aljihunsa. Haihuwa a Landan ko Shikago ba ta sa mutum ya san inda harshensa ke taɓawa idan yana magana. Malama ƴar Kolombiya da ta sha wuyar “ship” da “sheep” ta kuma karanci ilimin sauti takan fi shi sanin inda ciwon yake.

Babbar muhawarar ita ce manufar darasin. Talla tana alƙawarin cewa mutum zai yi magana kamar haifaffen Amurka. Ga wanda ya fara koyo bayan ya girma, kaɗan ne ƙwarai ke kai wa haka. A 1995 masu bincike biyu a Kanada, Murray Munro da Tracey Derwing, sun nuna cewa nauyin karin harshe da fahimtuwa abubuwa biyu ne: mutum na iya magana da kari mai ƙarfi a kuma gane kowace kalma tasa. A shekarar 2000 masaniya ƴar Birtaniya Jennifer Jenkins ta ƙara da cewa yawancin hirar Ingilishi a duniya tsakanin waɗanda ba harshensu na gado ba ne ake yin ta, ta kuma jero abin da ya fi janyo rashin fahimta. A jerin nata th ba ta cikin na dole, kuma ƙara wasali bai kai yar da baƙi illa ba. In aka bi wannan, “espeak” da ake yi wa dariya ba ita ce ta fi gaggawa ba. Baƙin da ya ɓace, da wasalin da ya sauya ma'ana, da kalmar da ya kamata a ɗora wa nauyi cikin jimla, su ne kan gaba. Ba duk masana suka yarda da jerin nata ba, musamman kan nauyin gaɓa cikin kalma, wanda wasu ke ganin ta rage masa daraja. Wannan tambaya ta me za a fara gyarawa ta shafi malaman Ingilishi na Nijar su ma, tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, Hausa kuma harshen ƙasa.

Wani ɓangare na matsalar ma ba a bakin mai magana yake ba. A 1992 Donald Rubin ya sa ɗaliban jami'a a Amurka sun saurari lacca ɗaya da muryar Ba'amurkiya haifaffiya. An nuna wa wasu hoton farar mace a matsayin mai maganar, wasu kuma hoton ƴar Asiya. Waɗanda suka ga hoton ƴar Asiya sun ce sun ji baƙon kari, kuma sun fi kasa kama abin da aka faɗa. Ɗalibin da ke neman goge karin harshensa gaba ɗaya yakan san wannan a jikinsa, daga abokin cinikin da ke katse waya ko mai ɗaukar aikin da ya yamutsa fuska, don haka malami ba zai ce masa ya yi wauta ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya gaya masa tun farko abin da watanni shida za su iya gyarawa da abin da ba za su iya ba.

A cibiyoyin amsa waya kuwa, wasu kamfanoni sun fara kewaye darasin baki ɗaya. Kamfanin Sanas na Amurka ya ƙera manhajar da ke sauya karin harshen ma'aikaci nan take yayin da yake magana, kuma a 2025 kamfanin Teleperformance na Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a a duniya, wanda ke da dubban ma'aikata a Kolombiya, ya sanar da zuba jari a cikinta tare da fara amfani da ita a cibiyoyinsa na Indiya.